Ludayi Huɗu

Wata uku muna ce masa zafi,
gyambon nan na gefen harshenki.
Kin kuskure da ruwan gishiri,
na sayo zuma a 'Yar Kutungu,
maƙwabciya ta aiko da bagaruwa.
Bai tafi ba. Faɗi ya ƙara, ya yi kaushi.

Ran Talata likita ya juya takarda,
ya cire tabarau, ya mayar,
sannan ya ce ciwon daji ne.
Ni da ban taɓa rasa ta cewa a shago ba
sai na tsaya kallon takalmina.
Ke kika ce, "To, sai me za a yi?"
kamar ɗan aji uku ne ya kawo lissafi da gyara.

Daga asibiti har Ƙofar Marusa
ba wanda ya ce uffan.
Mai keke ya kunna rediyo, ya waiwayo, ya kashe.
Kin rungume jakarki,
ni na riƙe bakin mayafinki
kamar yaron da ke tsoron ɓata a kasuwa.

Ladingo, shekara ashirin da shida
harshen nan ke auna mini gishiri.
Shi ya koya wa yaran Rafindadi baƙi da wasali,
shi ya ce, "Sada, ba ka da gaskiya,"
ranar da duk majalisa ta ce ina da ita.
Yau ko ruwan randa sai kin runtse ido.

Jiya na shiga madafi.
Ban san inda rariya take kwana ba.
Hayaƙi ya rufa mini asiri, na yi hawayena son rai.
Kunun gyaɗar farko ya yi gudaji,
na biyu ya kama,
na uku na tace, na sake tacewa, na fifita ya huce,
ba tsamiya, an ce tsami yanka yake.
Kin sha ludayi huɗu. Na ƙirga.
Kika jawo allo da guntun alli,
kika rubuta: Ya yi ruwa.
Har da jan layi a ƙasa.
Rabona da dariya tun Talata.

Masu dubiya kowa da ƙullinsa,
wannan daga Jibiya, wancan daga wani tsoho a Mani.
Nakan karɓa da hannu biyu, in yi godiya,
in ɗora a kan sif.
Litinin Shika muka nufa, da takardar likita.
Na sayar da keken ɗinki guda.
Ban faɗa miki ba, amma kin sani,
ke da ke ƙirga ƙararsu ta bayan katanga.

Cikin dare kika haska fitila a kan allo:
In sun yanke fa? In fuska ta karkace,
magana ta koma gwaranci?

Ban san gaibu ba, Ladingo,
ba kuma zan yi miki ƙaryar maza ba,
in ce ba komai. Da komai.
Tsoro nake ji har cikin ƙashina.
Amma na san tarinki cikin mata ɗari,
na san shirunki na fushi da shirunki na gajiya,
sauran in koya, ai malama na aura.
A gaban likita zan zame miki baki,
abin da kika rubuta kawai, ba ƙari.
Miya kuwa ni zan ɗanɗana,
in ta yi salam ki sa mini jan biro.

An yi kiran farko. Barci ya ɗauke ki
da alli a hannu.
Allah, Kai ka san inda yake mata ciwo.
Bari in tashi in hura wuta,
in ƙara gasara kaɗan a kan ta jiya.
Yau biyar nake nema.